Sharhi: Ina Masu Manyan Digiri Kan Nazarin Ƙwayoyin Gado Da Kwamfuta Za Su Sami Aiki?

Idan masu karatu ba su manta ba, a cikin watan Agustan shekarar 2016 ne aka ba da sanarwar samun yara biyu da cutar shan inna ta kama a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na Jihar Borno, bayan da Nijeriya ta shafe shekaru biyu cur ba a ji ɗuriyar cutar ba. Abin da ya tsaya wa jami'an lafiya a rai a wancan lokaci shi ne sanin inda ƙwayar cutar ta fito. Shigo da ita aka yi daga wata ƙasa, ko kuwa tana nan a ɓoye tun da daɗewa? Masana ne suka karanta rubutun gadon da ke cikin ƙwayar cutar, suka zuba shi a kwamfuta, suka gwada shi da na sauran ƙwayoyin da aka taɓa kamawa a baya, sai suka ga 'yar uwarta ta kusa ita ce wadda aka gani a Borno tun a 2011. Wato ke nan shekaru biyar cutar ta yi tana yawo a garuruwan da rashin tsaro ya hana masu rigakafi shiga. Wannan amsa ce ta nuna wa hukumomi inda za su karkata ma'aikata da kuɗi, har aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020 da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, ko da yake akwai wani nau'in nata da ke ɓulla a wuraren da yara ba su sami rigakafi sosai ba, wanda shi ya sa ba a daina zagayawa gida-gida ba.

Wannan aiki na karanta rubutun gado da kwamfuta shi ne ake kira bayo'infomatik, kuma sana'a ce da mutane ke ci da ita. A 'yan shekarun nan ana samun 'ya'yanmu da suka karanta ilimin halittu, ko haɗa magunguna, ko kwamfuta, suna komawa makaranta domin yin digiri na biyu da na uku a wannan fanni, wasu a gida wasu a waje. Iyaye a karkara, waɗanda sau da yawa gona ko bisa aka sayar aka biya kuɗin makarantar, suna da haƙƙin su san inda wannan doguwar hanya take ɓullewa. Haka su ma shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an da ke sa hannu a takardun neman tallafin karatu.

Bari mu fara da bayanin abin da ake nufi. Kowane abu mai rai, mutum ne ko gero ko sauro ko ƙwayar cutar da ido ba ya gani, yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa wanda ya gada daga iyayensa, rubutun da a mafi yawan halittu ake kira DNA. Haruffa huɗu ne kacal ake jujjuyawa a cikinsa, wato A da C da G da T, amma na ɗan Adam ya kai haruffa kusan biliyan 3. Karon farko da aka karanta shi, an fara aikin a 1990 ba a kammala ba sai a 2003, kuma ya lashe kusan dala biliyan 3. A yau ana yin wannan karatu a kan ƙasa da dala 1,000, har ma akwai wata na'ura mai suna MinION da ba ta fi wayar hannu girma ba, wadda aka yi aiki da ita a Gini lokacin annobar Ebola a 2015. Sai dai na'urar ba ta ba da amsa kai tsaye. Abin da take fitarwa ya yi kama da a miƙa wa mutum littafi mai shafi dubbai, a yayyage, ba wasali ba ɗigo, a ce ya harhaɗa shi ya faɗi inda aka yi kuskuren harafi ɗaya. Mai harhaɗawar nan shi ne masanin da muke magana a kansa, kuma kayan aikinsa su ne lissafi da ƙididdiga da rubuta manhajar kwamfuta, tare da sanin ilimin halittu sosai. Na'urori sun yi araha, masu fassara abin da suka fitar ne suka yi ƙaranci, kuma daga wannan giɓi ne guraben aikin suka samo asali.

Akwai wani reshe da ake haɗa shi da wannan, wanda za mu iya kira nazarin halitta a dunƙule. Maimakon a tsaya kan ƙwayar gado ɗaya, sai a duba yadda dubbansu suke cuɗanya, kamar a ce me ke faruwa a jikin gero gaba ɗaya idan zafi ya tsananta ruwa ya ɗauke, a mayar da wannan lissafi, a gwada a kwamfuta kafin a je gona ko asibiti. Cibiyar da ta fi shahara da wannan suna an kafa ta ne a birnin Siyatil na Amurka a shekarar 2000. Gaskiyar magana, guraben wannan reshe kaɗan ne a Nijeriya, galibinsu a jami'o'i, yayin da manyan masu ɗaukar irin waɗannan masana su ne kamfanonin magunguna na Turai da Amurka da Asiya. Duk wanda ya zaɓe shi ya kwana da sanin haka.

Hanya ta farko da ta buɗe a ƙasar nan ita ce ta kiwon lafiyar jama'a, kuma cutar sanƙarau ta isa misali a gare mu. Bayan da aka fara allurar rigakafin nau'in A a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, sannan a Nijeriya daga 2011, wannan nau'i da ya daɗe yana yi mana ɓarna duk lokacin bazara ya kwanta. Ana cikin murna sai ga wata sabuwar ƙwaya ta nau'in C ta ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi daga 2013, ta tsallaka Nijar a 2015, sannan a tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 ta haddasa annobar da aka yi zargin ta kama mutane fiye da 14,000, ta kashe fiye da 1,100, mafi yawansu a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Da aka karanta rubutun gadon ƙwayar, sai aka gano cewa asalinta wata ƙwaya ce da ke zaune a maƙogwaron mutane ba ta cutar da kowa, daga baya ta ɗauko wasu ƙwayoyin gado daga 'yan uwanta ta zama mai kisa. Irin wannan sani yana cikin abubuwan da suka nuna cewa rigakafin nau'i ɗaya ba zai wadatar ba, kuma a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a lokaci guda. Abin lura a nan shi ne, marasa lafiyar namu ne, ma'aikatan da suka ɗebi ruwan ƙashin baya namu ne, amma fassarar rubutun a birnin Oslo na ƙasar Norwe aka yi ta. Haka abin yake a watan Fabrairun 2006 lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a wata gonar kaji da ke Jihar Kaduna, sai da aka kai samfurin birnin Padoba na Italiya kafin a tabbatar.

Al'amura sun ɗan sauya tun daga lokacin. Cibiyar ACEGID da ke Jami'ar Redeemer's a garin Ede na Jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da asibitin koyarwa na Irrua a Jihar Edo da abokan aikinsu, sun karanta ƙwayoyin zazzaɓin Lassa a lokacin annobar 2018, inda suka nuna cewa yawancin masu cutar daga ɓera suka ɗauka, ba daga junansu ba. Wannan ya kwantar da hankalin hukumomi, ya kuma mayar da maganar kan rufe hatsi da abinci da tsabtace gida. A farkon watan Maris na 2020 kuma, 'yan kwanaki bayan samun mutum na farko mai cutar korona a Legas, wannan cibiya da haɗin gwiwar wasu hukumomin ƙasar nan ta fitar da rubutun gadon ƙwayar, wanda shi ne na farko daga Afirka. Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, tana da babban ɗakin gwaje-gwaje a Gaduwa, Abuja, inda ake irin wannan aiki, akwai kuma Cibiyar Binciken Lafiya ta Ƙasa da ke Yaba a Legas. Waɗannan wurare, da ƙungiyoyin duniya irin su Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka da ke Adis Ababa, su ne masu ɗaukar mai digiri na biyu a matsayin mai tantance bayanai, mai digiri na uku kuma a matsayin jagoran bincike. Mai karatu zai lura cewa kusan dukkansu suna kudu ko Abuja, alhali sanƙarau da mashaƙo da ƙyanda a Arewa suka fi yin ɗauki ɗai-ɗai.

Hanya ta biyu, wadda a ganinmu ta fi dacewa da mu kuma ta fi ɗorewa, ita ce ta noma. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita. A 2019 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid suka fitar da cikakken rubutun gadon wake, mai ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 30,000. Waken da suka zaɓa suka karanta ba baƙo ba ne a gonakinmu. Iri ne da cibiyar IITA, mai reshe a Kano, ta samar, wanda a Nijeriya aka sake shi ga manoma da sunan SAMPEA 10, kuma an san shi da jure wa ƙuduji. Tun kafin nan, a 2017, cibiyar ICRISAT ta jagoranci karanta rubutun gadon gero, an kuma karanta na dawa tun a 2009. Duk waɗannan bayanai suna ajiye a intanet, kyauta ga duk wanda ya iya aiki da su.

Amfanin wannan ga manomi a fili yake idan aka san yadda ake samar da sabon iri. A da, mai bincike zai haɗa auren iri biyu, ya shuka 'ya'yan da suka fito ɗaruruwa ko dubbai a gonar da ƙuduji ya yi katutu, ya jira damina ta wuce ya ga waɗanda suka tsira, ya sake shukawa baɗi, haka har shekaru goma ko fiye. Yanzu kuwa ana iya tsinkar ɗan ganye daga shukar da ba ta wuce makonni biyu ba, a duba ko tana ɗauke da alamar gadon da ke tafiya tare da juriyar, a zubar da waɗanda ba su da ita tun suna cikin tukunya. Wannan yana rage shekaru da kuɗi ƙwarai. Amma kafin a san wace alama ce ke tafiya da juriyar ƙuduji, ko jure fari, ko nuna da wuri, ko girman ƙwaya da farin da 'yan kasuwar Dawanau ke so, sai wani ya zauna da bayanan dubban tsirrai ya tace su da lissafi. A nan ya kamata mu bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa a majalisun hira. Zaɓen iri ta hanyar alamar gado ba ya nufin an sanya wa shuka wani abu daga waje, zaɓe ne irin na kaka da kakanni da aka yi wa gajeriyar hanya. Daban yake da irin da aka sauya wa gado, kamar waken SAMPEA 20-T mai kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar a 2019 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Muhammad Ishiyaku, wanda kuma har yanzu ake muhawara a kansa. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan muhawara, zai fi son a ce akwai ɗan garinsu da ya iya karanta bayanan da kansa ya gaya masa abin da ke ciki.

Masu ɗaukar ma'aikata a wannan ɓangare suna kusa da mu. Ga cibiyar Samaru da ta samo asali tun 1922, mai kula da dawa da masara da wake da gyaɗa da auduga. Ga Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri mai kula da gero da alkama, ga ofisoshin IITA da ICRISAT a Kano, ga Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. Ta fuskar dabbobi kuma akwai cibiyar Shika kusa da Zariya, da ta Bom a Jihar Filato mai samar da allurar rigakafin dabbobi, da ta binciken cutar sammore a Kaduna. Matsalolin da waɗannan cibiyoyi ke fama da su ba sa ƙarewa da ƙarewar annoba. Dattawanmu sun tuna yadda cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da noman gyaɗa a Arewa, kuma canjin damina da muke gani yanzu zai sa a riƙa neman sabon iri a kai a kai.

Hanya ta uku ita ce koyarwa da bincike a jami'a, kuma a nan ne mafi yawan masu digiri na uku ke ƙarewa. A tsarin jami'o'inmu mai digiri na biyu yakan fara a matsayin mataimakin malami, mai digiri na uku kuma a matsayin malami mai daraja ta biyu, sannan ƙarin girma ya danganta da yawan binciken da mutum ya wallafa. Wannan fanni yana da wata falala a nan, domin malamin da jami'arsa ba ta da tsadaddun na'urori zai iya yin bincike mai nauyi da kwamfutar tafi-da-gidanka da intanet, ta hanyar amfani da rumbunan bayanai na duniya irin su GenBank da aka kafa tun 1982. Jami'ar Covenant da ke Ota tana cikin waɗanda suka daɗe suna horar da ɗalibai a fannin, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da cibiyar binciken cututtukan da aka yi watsi da su wadda Bankin Duniya ya tallafa wa. A maƙwabta akwai cibiya a Bamako ta ƙasar Mali, da cibiyoyi biyu a Jami'ar Gana, ɗaya kan cututtuka ɗaya kan inganta iri, waɗanda 'yan Nijeriya da Nijar suka yi digiri na uku a cikinsu. Sai dai mai shirin fita waje da kuɗin gwamnati ya sani cewa asusun TETFund ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma yawan waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa.

Game da kamfanoni masu zaman kansu, ba za mu yi dogon bayani ba domin har yanzu kasuwar ba ta kafu ba a gida. Kamfanin 54gene da aka kafa a 2019 domin tattara bayanan gadon 'yan Afirka ya tara jarin miliyoyin daloli, ya ɗebi matasa masu ilimi, amma a 2023 ya rufe. A waje kuwa kasuwar tana ci, musamman tun da manhajar AlphaFold ta nuna cewa kwamfuta za ta iya hasashen siffar sinadaran furotin na jiki, aikin da ya sa biyu daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ta suka shiga cikin masu lambar yabo ta Nobel a 2024. Akwai kuma wata ƙofa da ba a cika faɗa ba. Wanda ya iya tace bayanan gado ya iya tace bayanan banki ko na kamfanin waya, kuma da yawa can suke komawa saboda albashi. Ta fuskar iyali wannan ba asara ba ce, yaro ya sami abin yi. Ta fuskar jihar da ta biya kuɗin karatunsa domin lafiya ko noma kuwa, asara ce.

Babban rauni a duk wannan tsari shi ne inda kuɗin ke fitowa. Shirin H3Africa, wanda hukumar binciken lafiya ta Amurka da gidauniyar Wellcome ta Ingila suka ɗauki nauyinsa daga 2012, ya horar da masana da yawa daga cikin waɗanda Afirka ke taƙama da su a yau. Ƙarƙashinsa ne aka gudanar da darasin share fage kyauta ta intanet a ajujuwa da dama a faɗin nahiyar, kuma shi ne ya fitar da binciken 2020 da ya karanta rubutun gadon mutane 426 daga ƙasashe 13, ciki har da 'yan ƙabilar Birom na Filato, inda aka gano bambance-bambance fiye da miliyan 3 da kimiyya ba ta taɓa rubutawa ba. Wa'adin shirin ya cika a 2022. A 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, abin da ya girgiza cibiyoyin bincike da dama a Afirka. Matashin da ke aiki a irin waɗannan wurare galibi kwantiragin shekara biyu ko uku yake riƙe da shi, ba fansho ba garatuti, idan tallafin ya ƙare sai ya fara neman wani, kuma wanda ya fi saurin amsa masa yakan kasance a Turai ko Kanada.

A nan ne maganar ta dawo kan teburin jami'anmu. A tsarin aikin gwamnati da muka sani, mai digiri na farko yakan shiga a matakin albashi na 08, mai na biyu a 09, mai na uku a 10, amma sai an sami gurbi mai suna da za a ɗora shi a kai. Wannan masani ba likita ba ne, ba malamin gona ba ne, ba kuma injiniya ba ne. Ɗakin gwaje-gwajen asibiti kuwa doka ta keɓe aikinsa ga masu lasisin hukumar da ke kula da wannan sana'a, don haka wanda ya fito daga sashen kwamfuta ko lissafi ba zai zauna a kujerarsu ba, ko da ya fi kowa iya fassara sakamakon. Abin da kan faru shi ne a tura shi koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, ko a ajiye shi a ofis yana gyara wa mutane na'urar buga takardu, har ya gaji ya tafi. A ra'ayinmu jiha ba ta buƙatar irin waɗannan masana ɗari. Mutum uku ko huɗu a sashen sa ido kan cututtuka na Ma'aikatar Lafiya, da wasu kamar haka da za a haɗa da hukumar bunƙasa aikin gona suna aiki kafaɗa da kafaɗa da cibiyoyin bincike, sun isa a fara. Abin da za a tanadar musu shi ne: kwamfutoci masu ƙarfi, da wutar sola, da intanet da ba ya yankewa. Sayen na'urar karanta rubutun gado shi ne mataki na ƙarshe, domin sinadaran da take ci daga waje ake sayo su da dala, suna kuma lalacewa idan ba sanyi, kuma an sha ganin tsadaddun na'urori a rufe da leda a cibiyoyi daban-daban saboda an sayo su kafin a tanadi mai aiki da su. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda zai fassara ƙwayar annobar da za ta zo nan da shekaru biyar yanzu ya kamata a ce yana kan kujerarsa. Hukumar ba da tallafin karatu ma, kafin ta sa ɗalibi ya rattaba hannu cewa zai dawo ya yi wa jiha aiki, ya dace ta fara tambayar hukumar ɗaukar ma'aikata wane gurbi aka tanadar masa.

Ga iyaye da ɗalibai kuma, a yi lissafin shekaru tun da wuri. Digiri na farko shekara huɗu ko biyar ne, da shekarar hidimar ƙasa, digiri na biyu kusan shekara biyu, na uku kuma uku zuwa biyar, idan yajin aiki bai ƙara tsawonsu ba. Ana shigowa ta ƙofa biyu, ko daga ilimin halittu da noma da likitanci sai mutum ya koyi kwamfuta da lissafi, ko daga kwamfuta da lissafi sai ya koyi ilimin halittu. Mai babbar difloma ta kwalejin fasaha ma yana da hanya, ta yin diflomar gaba da digiri kafin digiri na biyu. Yaron da ke gudun lissafi tun a sakandare zai sha wuya, wannan kam ba makawa. Masu ɗaukar aiki a wannan fanni sun fi duba abin da mutum ya taɓa yi da hannunsa a kan takardar shaida, wato ko ya iya harsunan kwamfuta irin su Python da R, ko ya taɓa ɗaukar ainihin bayanai ya fitar da sakamakon da wasu masana suka amince da shi. Saboda haka a yi hattara da kwasa-kwasan mako biyu da ake tallatawa a waya da alƙawarin aiki a ƙasar waje. Mai digiri na biyu da ya ƙware yakan sami aiki kafin mai na uku da bai taɓa bayanai ba, digiri na uku yana zama dole ne ga mai son jagorantar bincike ko zama a jami'a. Wani abin da ya kamata magidanta su sani shi ne, kaso mai yawa na wannan aiki ana iya yin sa daga ɗaki idan akwai wuta da intanet, don haka 'ya mace da aure ko reno ya hana ta ƙaura zuwa Legas ba lallai ne iliminta ya tafi a banza ba.

Akwai rawar da ƙananan hukumomi ke takawa a wannan sana'a tun yanzu, ko da ba a lura ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, shi ne ke ɗibar samfuri ya cike takarda ya aika. Rubutun gadon ƙwayar cuta ba ya da amfani idan ba a san ranar da aka ɗebi samfurin ba, da ƙauyen da mara lafiya ya fito, da ko ya yi tafiya. Takardar da aka cike da ka, ko samfurin da ya kwana uku a tasha saboda ba kuɗin man babur, suna ɓata aikin mai digiri na uku da ke zaune a Abuja. Haka nan idan masu bincike suka zo gari neman jini ko yawu ko irin shuka, hakimai da dagatai da kansiloli suna da hurumin neman ganin takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, su tambayi inda za a kai samfurin, da wanda zai riƙe bayanan, da ko za a dawo a gaya wa jama'a abin da aka gano. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, wanda shari'arsa ta kai har 2009 kafin a sasanta. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan gado cikin jerin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, amma yarjejeniyar da masu bincike ke kawowa da harshen masana ake rubuta ta, kuma a mafi yawan sakatariyoyinmu babu ma'aikaci ko ɗaya da aka ɗauka domin ya karanta irinta kafin a sa hannu.